Sa rubutun umarni ya jira lokaci kafin ya taɓa rumbun bayanai: tambayoyi da amsoshi

Aikina kula da rumbunan bayanai ne a nan Sakkwato: shagunan magani, 'yan makarantu masu zaman kansu, da wani ɗakin ajiyar kaya na 'yan sari. Yawancin tambayoyin da ke ƙasa daga bakin matasan da ke zuwa koyon aiki wurina suka fito, wasu kuma masu shagunan ne da kansu. Inda na ce rubutun umarni, ina nufin fayil ɗin nan da ake jera umarnin SQL a ciki don a gudanar da su a tare. SQL shi ne harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi; SQL Server, PostgreSQL, MySQL, Oracle da SQLite kuma nau'o'in manhajar rumbu ne. Inda na ce uwar garke, kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta nake nufi, wadda a bakin aiki muke ce wa saba.

Na rubuta umarnin sauya farashin kaya, amma ba na so ya gudana sai ƙarfe 11 na dare. Ta ina zan fara?

Hanya biyu ce. Ta farko, ka tayar da rubutun tun yanzu, ka sa masa layi ɗaya a sama da zai hana shi motsi sai lokacin ya yi. Kamar ka zaunar da yaro a bakin shago ne da mabuɗi a hannu, idonsa a kan agogo. Ta biyu, ka bar sallahu wurin mai tsara lokaci, wato wani shiri da ba shi da aiki sai duba agogo da tayar da ayyuka, kai kuma ka rufe kwamfutarka ka tafi gida.

Idan jiran na 'yan mintoci ne, ko awa ɗaya kana zaune a wurin, ta farko ta wadatar. Abin da ya wuce haka, ko wanda za a riƙa maimaitawa, na mai tsara lokaci ne. Yaron da ka zaunar yana iya gyangyaɗi, ana iya kiransa gida, kuma muddin yana zaune mabuɗin na hannunsa, wani ba zai buɗe ba. Kusan duk matsalolin da za su zo a ƙasa daga nan suke tasowa.

Yaya ake rubuta jiran a SQL Server?

`WAITFOR TIME '23:00:00';` a saman rubutun, sauran umarnin a ƙasa. Idan tsawon jira kake so ka faɗa maimakon ƙarfe nawa, `WAITFOR DELAY '00:30:00';` zai tsaya rabin awa. Jiran `DELAY` ba ya wuce awa 24, shi kuma `TIME` ba ya karɓar kwanan wata, ƙarfe kawai. Wanda ke son wata rana ta musamman sai ya yi zagaye:

`WHILE GETDATE() < '20260301 23:00' WAITFOR DELAY '00:01:00';`

Duk minti ɗaya zai ɗaga kai ya duba agogo ya koma. Ka lura da yadda na rubuta kwanan watan: shekara, wata, rana, a manne. Idan ka rubuta 01/03/2026, mu a nan 1 ga Maris muke karantawa, uwar garken da aka saita da tsarin Amurka kuwa 3 ga Janairu za ta fahimta.

Idan lokacin ya riga ya wuce kafin in danna fa?

Wannan tambaya da kuɗina na saye ta. Wata rana wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi ya ce in sauya masa farashin kaya kusan gaba ɗaya, amma sai an rufe shago. Na shirya komai tun la'asar, na sa `WAITFOR TIME '23:00'`, sai baƙi suka riƙe ni, ban danna ba sai sha ɗaya da minti biyar. Na ga abin yana juyawa, na ce a raina ai yana aiki, na je na kwanta. Da safe yaran shago suka buɗe suka yi ta sayarwa a tsohon farashi. Kafin walaha sai ga waya: “Malam, mi ya hwaru? Wanga na'ura taka ba ta san kaya sun tashi ba?” Rubutun na nan a zaune, cikin biyayya, yana jiran ƙarfe 11 na daren da ke tafe.

Haka SQL Server yake: in ƙarfen ya wuce, na gobe zai jira. PostgreSQL akasin haka yake yi, in ka ba `pg_sleep_until` lokacin da ya shuɗe ba ya tsayawa ko kaɗan, nan take zai zarce ga sauran umarnin. Ka ga hatsari biyu masu fuska daban: ɗaya ya makara da yini guda, ɗaya ya afka wa aiki da tsakar rana mutane na tsakiyar ciniki. Tun daga ranar ba na barin rubutu ya dogara da layin jira kaɗai. Bayan jiran nakan sa ya sake duba agogo: in lokacin bai faɗa tsakanin, misali, 11 na dare da 1 na dare ba, ya rubuta dalili ya fita ba tare da ya taɓa komai ba.

PostgreSQL da MySQL fa?

A PostgreSQL akwai uku. `pg_sleep` na karɓar daƙiƙoƙi. `pg_sleep_for` da `pg_sleep_until` sun shigo ne a siga ta 9.4 a 2014, na farko yana karɓar tsawon lokaci, na biyu cikakken kwanan wata da ƙarfe:

`SELECT pg_sleep_until('2026-03-01 23:00+01');`

Wannan `+01` na ƙarshe agogon Najeriya ne, zan dawo kansa. Abin lura ɗaya: `now()` a PostgreSQL lokacin da aka buɗe ƙunshin aiki (abin da ke tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`, bayaninsa na ƙasa) yake bayarwa, ba ya motsi har a rufe. Wanda ke son sanin ainihin ƙarfe nawa bayan jira, `clock_timestamp()` zai kira.

MySQL na da `SLEEP` mai karɓar daƙiƙoƙi kawai, sai ka lissafa tazarar da kanka da `TIMESTAMPDIFF`. Amma ban cika ba da shawararsa ba, domin MySQL na da nasa mai tsara lokacin a ciki tun siga ta 5.1:

`CREATE EVENT sauya_farashi ON SCHEDULE AT '2026-03-01 23:00:00' ON COMPLETION PRESERVE DO CALL sabunta_farashi();`

Ba ka buƙatar barin kwamfutarka a kunne, uwar garken ce ke riƙe da alkawarin. Sai dai ka fara tabbatar da `event_scheduler` na kunne. A MySQL 8.0 a kunne yake zuwa, a 5.7 da MariaDB kuwa a kashe, kuma in yana kashe zai karɓi umarnin naka lafiya lau, ba ƙorafi, lokaci ya zo ya wuce shiru. `ON COMPLETION PRESERVE` kuma shi ke hana a share aikin bayan ya gama. In babu shi, da safe ka duba ba ka ga komai ba, ka rasa gane ko ya gudana ne ko ba ka ma ƙirƙire shi ba.

Oracle da SQLite?

Oracle na da `DBMS_SCHEDULER` tun 10g, kuma don ɗan jira akwai `DBMS_SESSION.SLEEP` daga 18c. SQLite fayil ne kawai, babu wani shiri da ke zaune a farke dominsa, don haka daga waje za a tayar da rubutun, da cron, mai tsara lokaci na Linux, ko Task Scheduler na Windows.

Me ya sa kake cewa kada a sa jiran a cikin ƙunshin aiki?

Ƙunshin aiki shi ne abin da ke tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`: ko dai duk ya tabbata, ko duk a warware. Da zarar ka sauya layi ɗaya a ciki, rumbun zai kulle layin har ka rufe ƙunshin. To ka ɗauka ka buɗe, ka taɓa teburin kaya, sannan ka sa jiran awa huɗu. Duk mai sayarwa da ya zo rage adadin wannan kaya zai tsaya a bayanka. A SQL Server da saitinsa na asali, har mai karantawa ma yakan tsaya. Ma'aikaci zai ga allo ya daskare, ya ce intanet ce, ya kashe ya kunna, abin bai tafi ba, alhali kai ne ka zauna kan mabuɗin.

Ko ba ka kulle kowa ba akwai hasara a ɓoye. PostgreSQL ba ya iya share tsofaffin layukan da aka sauya muddin akwai daɗaɗɗen aiki da ke iya buƙatar ganinsu, sai tebur ya yi ta kumbura. SQL Server kuma ba ya iya sake amfani da sashen rajistar sauye-sauyensa daga inda buɗaɗɗen ƙunshin ya fara, sai fayil ɗin ya yi ta girma. Tsarin dai shi ne: jira tukuna, sannan `BEGIN`, aiki, `COMMIT`. Kuma ka duba manhajar da kake aiki da ita, wasu sukan buɗe ƙunshi da kansu ba tare da ka rubuta ba.

Na bar shi yana jira, da na dawo na tarar da saƙon cewa haɗi ya yanke.

Jiran da ke cikin rubutu yana raye ne muddin haɗin da ke tsakanin kwamfutarka da uwar garke na raye. Rufe murfin laftof, ƙarewar data, rauta ta mutu na minti ɗaya, kowanne ya isa. Akwai kuma iyakokin da aka gina da gangan. Shirin da aka rubuta da .NET yakan yanke umarni bayan daƙiƙa 30 in ba a sauya `CommandTimeout` ba. MySQL yakan sallami haɗin da ya yi shiru na daƙiƙa 28,800, wato awa 8, don haka shirin da ya buɗe haɗi da safe ya je ya yi barcinsa a waje, da dare zai tarar an rufe ƙofa. Ta burauza kuwa, irin phpMyAdmin, kada ma ka fara.

In dole sai ka yi jiran, shiga uwar garken kanta ka tayar da shi a cikin `tmux` ko `screen`, yadda yankewar layinka ba za ta shafe shi ba. Wannan na maganin intanet, ba ya maganin wuta.

To wutar fa? In lokacin ya yi kwamfuta na kashe, me zai faru?

Ga mu a nan, wannan ce babbar tambaya, kuma littattafan da aka rubuta a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa a gefe suke ambatonta. Kowane mai tsara lokaci da halinsa.

Jiran cikin rubutu ya mutu ke nan, ba ya dawowa. cron na Linux, in ƙarfen ya wuce yana kashe, ya wuce, ba ya ramuwa, sai zagaye na gaba. SQL Server Agent, mai tsara lokaci na SQL Server, ma haka, sai dai yana da wani nau'in jadawali da ke tayar da aiki duk lokacin da Agent ɗin ya tashi, wanda za ka iya amfani da shi ka rubuta taka ramuwar. `at` na Linux ya fi su riƙon amana: yana ajiye aikin a faifai, in wuta ta dawo `atd` ya tashi ya ga aikin da lokacinsa ya wuce, zai gudanar da shi. Ga yadda ake ba shi:

`echo "/home/aiki/farashi.sh" | at -t 202603012300`

`atq` na nuna abin da ke layi, `atrm` na cirewa. Wasu Linux na yanzu ba sa zuwa da shi, sai ka girka. Don aikin da ake maimaitawa akwai `anacron`, ko agogon systemd mai `Persistent=true`, dukansu suna rama abin da ya kuɓuce. A Windows, Task Scheduler na da akwatin da za ka yi wa alama a shafin Settings don ya gudanar da aikin da ya kuɓuce da zarar dama ta samu.

Akwai wani tarko a Task Scheduler da ya kama mutane da yawa a garin nan, domin ƙananan shaguna da dama laftof ce uwar garkensu. A shafin Conditions, akwatin da ke cewa kada a fara aiki sai kwamfuta na jone da wuta yana zuwa da alamarsa tun asali, tare da na ƙasansa mai tsayar da aikin in an koma kan batir. Wato laftof na kunne, batir cike, rumbu lafiya, amma an ɗauke wuta, sai Windows ya ƙi tayar da aikin. Cire alamomin biyu.

Sannan ka tambayi kanka ko ramuwar ma alheri ce. Kwafin ajiya da ya kuɓuce da dare, in an ɗauke shi ƙarfe 9 na safe, madalla. Amma sake gina manyan tebura da ke kulle komai, in ya tashi daidai lokacin da layin masu sayen magani ya kai bakin titi, gara a ce bai tashi ba. Shi ya sa duban agogon nan da na ce a sa a cikin rubutun ya zama dole: mai tsara lokaci ya tayar, rubutun ya yanke hukuncin ko yanzu ya dace.

In wutar ta ɗauke yana tsakiyar aiki fa?

Abin da ke cikin ƙunshi ɗaya za a warware shi idan rumbun ya tashi, kamar ba a fara ba. Don haka ka sa aikin a ƙunshi. A `psql` na PostgreSQL ka ƙara `-1` da `-v ON_ERROR_STOP=1`, a SQL Server ka sa `SET XACT_ABORT ON` a rubutun da `-b` a `sqlcmd`. A MySQL ka tabbata teburanka InnoDB ne, domin MyISAM ba ya warwarewa, kuma umarni irin su `ALTER TABLE` suna rufe ƙunshin da kansu ko ba ka so.

Na ce ƙarfe 11, ya gudana ƙarfe 12. Aljani ne?

Agogo ne. Najeriya na gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, duk shekara, ba ma sauyawa. Uwar garken haya kuwa yawanci a kan UTC ake barinta, don haka 23:00 ɗinta sha biyun darenmu ne. Kuma agogon uwar garke ake bi, ba na kwamfutar da ka zauna a gabanta ba. A Azure SQL Database `GETDATE()` UTC yake bayarwa kullum. `pg_cron`, wanda ake ƙara wa PostgreSQL don jadawali, shi ma da GMT, wanda daidai yake da UTC, yake lissafi sai an sauya masa.

Mafi ruɗarwa ita ce uwar garken da ke kan agogon Landan. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Ingila daidai yake da namu, sai mutum ya saita aikinsa a watan Yuni, komai ya yi ta tafiya daidai wata huɗu, rana ɗaya a ƙarshen Oktoba aikin ya fara makara da awa guda, ba wanda ya taɓa komai.

Kafin ka sa kowane lokaci, tambayi rumbun ƙarfe nawa ne a wurinsa: `SELECT SYSDATETIMEOFFSET();` ko `SELECT now();`. Sunan yankinmu a Linux `Africa/Lagos` ne, a Windows kuma West Central Africa. Abokan hulɗarmu na ƙetaren Illela, Birnin Ƙonni zuwa Yamai, agogonmu ɗaya da su, nan babu damuwa.

Tsohuwar kwamfuta na da nata ciwon. Ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon ciki, CR2032, in ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai agogo ya koma wata tsohuwar shekara. Ka sauya shi, ka kuma kunna daidaita agogo ta intanet.

Wane lokaci ya fi dacewa a sa irin wannan aiki? Na ga kowa na cewa ƙarfe 2 na dare.

Masu cewa haka wutarsu ba ta san dare da rana ba. A wurin da ke kan sola da inbata, tsakanin biyun dare da asuba shi ne lokacin da batir ya fi galabaita, musamman a bazara da fankoki suka kwana suna juyawa. Ka ɗora aiki mafi nauyi a sa'ar da wutar ta fi rauni, kuma babu kowa a farke.

Ni shagunan da ke rufewa don sallar Juma'a, can nake kai manyan ayyukansu na mako. Rana na tsaka, batir cike, ba ciniki, kuma kafin la'asar na dawo na duba da idona. Illarsa zafi: a Afrilu da Mayu Sakkwato takan haura digiri 40, kwamfutar da aka cusa a lungu ba iska tana iya rage gudu ko ta kashe kanta, balle in ƙurar hunturu ta toshe mata fanka ba a share ba. Aikin kullum kuma nakan sa shi jim kaɗan bayan rufe shago, lokacin da batir ke da sauran ƙarfi.

Kada ka manta jadawalin mutane na motsi. Shagon da ke rufewa ƙarfe 9 a sauran watanni, a goman ƙarshe na azumi yana iya kaiwa tsakar dare. “Bayan magariba” kuma ba lamba ba ce, tana tafiya da shekara. Ka nemi mai shagon ya faɗa maka ƙarfe.

Alhaji ya ce rangwamen azumi ya fara aiki daren 1 ga Ramadan. Zan iya saita shi tun yanzu?

Ba da kwanan wata ba. Farkon wata a wurinmu da gani ne, kuma sanarwar daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, take fitowa, a daren da aka duba. SQL Server na iya juya kwanan wata zuwa Hijiriyya ta `CONVERT` da lamba 130 ko 131, amma lissafi ne tsagwaronsa, wanda ake kira na Kuwaiti, yana iya saɓawa da ganin wata da kwana ɗaya ko fiye.

Abin da nake yi: ƙaramin tebur mai layi ɗaya, da gurbin “an ga wata” wanda ke kan a'a. Aikin na tashi kowane dare a kwanakin da ake sa rai, ya duba gurbin, in a'a ne ya koma. Idan sanarwa ta fito, Alhaji ko babban yaronsa ya danna maɓalli ɗaya a waya ya mayar da shi i. Haka ma na Sallah.

Ina son rahoton ƙarshen wata. cron ba shi da “ranar ƙarshe”.

Gurabensa biyar ne: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. Ana iya dabara a ce ya tashi daga 28 zuwa 31 ya duba ko gobe 1 ga wata ce. Mafi sauƙi ka sa `10 0 1 * *`, wato sha biyu da minti goma na daren shiga 1 ga wata, ya haɗa rahoton watan da ya fita. Hakan ya ma fi daidai, tunda cinikin minti na ƙarshe ya shiga. Ka kiyayi cika gurbin ranar wata da na ranar mako a tare: cron na ɗaukarsu a matsayin ko wannan ko wancan, sai aikin ya riƙa tashi fiye da yadda ka nufa.

SQL Server ɗina ba shi da Agent.

Express kake amfani da shi, na kyauta, ba a sa masa Agent ba. Ka rubuta ƙaramin fayil mai kiran `sqlcmd -S .\SQLEXPRESS -d Shago -E -b -i C:\aiki\farashi.sql -o C:\aiki\sakamako.txt`, ka miƙa wa Task Scheduler, ka zaɓi ya gudana ko an shiga asusun ko ba a shiga ba. Masu hayar wuri mai cPanel su nemi Cron Jobs a ciki.

Da hannu yana aiki, a cron ba ya yi.

cron ba ya gadon muhallin da ka saba da shi in ka shiga. `PATH` ɗinsa, wato jerin wuraren da yake neman shirye-shirye, gajere ne, don haka rubuta cikakkiyar hanyar kowane shiri da kowane fayil. Alamar `%` a layin crontab, fayil ɗin jadawalin cron, na nufin sabon layi, sai an sa mata `\` a gaba, kuma wannan ke karya yawancin sunayen fayil masu kwanan wata. Na uku, babu mai buga kalmar sirri ƙarfe 11 na dare.

To ina zan ajiye kalmar sirrin?

Ba a cikin layin umarnin ba, inda duk mai duba jerin shirye-shiryen da ke gudana zai iya ganinta. PostgreSQL na karanta fayil ɗin `.pgpass`, kuma a Linux zai yi biris da shi in izininsa ya fi 0600 sako-sako. MySQL na da `.my.cnf` da `mysql_config_editor`. A Windows, `-E` ɗin da ke sama na amfani da asusun Windows ne, ba kalmar da za a rubuta. Ka buɗe wa aikin asusunsa na kansa mai iko a kan teburan da zai taɓa kawai. In da asusun wani ma'aikaci aka saita shi, ranar da ya bar aiki aka rufe asusun, aikin ya tsaya ba sallama.

Na fasa. Yaya zan tsayar da wanda ke jira?

A SQL Server nemo lambarsa da `sp_who2`, ka yi `KILL`. A PostgreSQL `pg_stat_activity` zai nuna shi, `pg_terminate_backend` ya sallame shi. A MySQL ka yi hattara sosai: `SLEEP` da aka katse da `KILL QUERY` ba ya ɗaukar hakan kuskure, lamba 1 kawai yake mayarwa, sai rubutun ya zarce ga umarni na gaba. Kana ƙoƙarin hana aikin, ka tayar da shi kafin lokaci. Kashe shirin da ke gudanar da rubutun gaba ɗaya.

In ya gudana sau biyu fa?

Yakan faru: mai tsara lokaci ya yi ramuwa, kai kuma ka riga ka gudanar da hannu da safe. Umarnin da ke cewa a mayar da farashi naira 1,100 ba ya cutarwa ko sau goma aka yi. Wanda ke cewa a ƙara kashi 10 cikin ɗari kuwa, kayan naira 1,000 zai koma 1,100, a karo na biyu 1,210. Inda zai yiwu, ka zuba sababbin farashin a wani tebur tun da rana, ka duba su a tsanake, aikin dare ya zama kwafe su kawai. Inda ba zai yiwu ba, ka yi teburin rajista mai sunan aiki da kwanan wata, waɗanda rumbu ba zai yarda su maimaitu ba, rubutun ya fara shigar da layinsa a cikin ƙunshi ɗaya da aikin. Na biyun da ya zo zai ci karo da layin ya fita. Don hana biyu gudana a lokaci guda akwai `flock -n` a Linux, `sp_getapplock` na SQL Server, `pg_try_advisory_lock` na PostgreSQL, da `GET_LOCK` na MySQL.

Yaya zan san ya gudana ba sai an kira ni ba?

Teburin rajistar nan ka ƙara masa lokacin farawa, lokacin gamawa, da adadin layukan da aka taɓa. Saƙon da ke zuwa in an sami kuskure yana da amfani, amma kwamfutar da ke kashe ba ta aika saƙo, shirun nata kuma kama yake da na lafiya. Na fi son saƙon da ke zuwa in an gama, wanda rashinsa zai tayar mini da hankali. A shagon Alhajin nan na sa layi ɗaya a allon farko da yaran ke gani in sun kunna da safe: ranar da ƙarfen da farashi ya sauya na ƙarshe, ya koma ja in ya wuce ranar da aka yi alkawari. Kafin kowane sabon aiki kuma nakan gwada shi a kan kwafin rumbun, in sa lokacin nan da minti biyar, in zauna in ga ya tashi. Sannan in sake sa wani, in kashe kwamfutar kafin lokacin, in kunna bayan ya wuce, in duba rajista in ga abin da ya yi.